Inno Ta Wanke Babur

A shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kusan kowane ma'aikaci a Gombe ya sayi babur yana zaga gari da shi, Sallau malamin gona shi ma yana hawan babur. Sai dai nasa na ofis ne, kuma bai san kwalta ba. Aikinsa bin ƙauyukan masu noman auduga. Da damina yakan dawo gidansu a Pantami, shi da babur ɗin, kamar an tono su daga rami.

Wata Lahadi da safe, bayan an kwana ana ruwa, ya fito yana dafe da ƙugu, ya durƙusa a ƙofar ɗakin kakarsa Inno.

"Ina kwana, tsohuwa. Ya ƙafar? Ya muka ji da ruwan ji..."

A gindin darbejiya, inda ya jingine babur jiya, wani abu ne ke tsaye yana walƙiya. Tayoyi baƙi wuluk, salansa kamar madubi.

"Wa ya taɓa mini babur?"

"Ƙarasa gaisuwar tukuna, mara kunya," in ji Inno daga kan tabarmarta.

"Na fasa. Wa ya taɓa shi?"

"Wa kake da shi a gidan nan mai tausayinka in ba ni ba? Tun da na idar da sallar asuba nake kansa. Soso, sabulun salo, toka. Lakar da na kankare ta isa a yaɓe rumbu. Ruwan randata kaf ya tafi. Maimakon ka ce sannu, ka tsaya kana zare mini ido kamar kwaɗo."

Sallau ya je ya zagaya babur ɗin. Ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa bayan taya. Ko ɗigon laka babu. Ya ɗora hannu biyu a ka.

Abin da Inno ba ta sani ba shi ne, gobe Litinin shugabansu a ofishin gona, Mista Bernard, zai jera baburan ofis ya duba. Ya riga ya faɗa musu cewa duk wanda aka ga babur ɗinsa fes a tsakiyar damina, yawon gari yake yi da shi, za a karɓe a ba wani. Ga abokin aikinsa Ja'afaru can yana jira, ya gaji da taka keke. Sallau kuwa ba mai iya tsara magana a gaban manya ba ne. Lakar nan ita ce bakinsa.

"Kin kashe ni, tsohuwa. Aikin mako guda kika wanke."

"Au, dattin ne aikin? To da na sani ai da kai ma ban riƙa yi maka wanka kana ƙarami ba. Da yanzu kai ne shugaban ofis ɗin."

"Wannan ba datti ba ne, shaida ce. Gobe Mista Bernard zai duba. In ya ga babur haka, na Ja'afaru ya zama."

"Wane irin ofis ne wannan da ake ba ƙazami lambar yabo? Shi Barnan ɗin, uwarsa ba ta koya masa wanki ba?"

"Uwarsa ba ta taɓa masa kayan aiki. Tana zaune lafiya a Kaltungo tana jan carbinta tana irin tata addu'ar. Ni kaɗai Allah ya haɗa da tsohuwar da ta ƙi tsufa. Haƙori babu, ido babu, amma laka ba ta ɓuya miki ba."

"Ido babu na ga muninka? Kai dai ka ji kunya. Mijin kowa ya sayo wa matarsa rediyo da kuɗin Udoji, ni nawa mijin abin da yake kawo mini kullum taɓo ne."

"Sakin ki zan yi."

"Ka sake ni mana. Wa zai kwashe ka? 'Yan matan Pantami in sun hango ka sai su ɗauka tukunya ce ta hau babur."

Sallau bai yi dariya ba. Ya tsuguna yana duba sarƙa. Ya dangwala yatsa, ya kai hanci.

"Me kika shafa wa sarƙar nan?"

"Man kaɗanya. Na ga ta bushe."

"Ta bushe ne don kin wanke mata giris. Ga tururuwa har sun fara layi."

"To ai ko su sun san abu mai kyau."

Ya taka kik, babur ya yi tari ya mutu. Ya sake takawa, ruwa ya tsirto daga salansa ya jiƙa masa ƙafar wando. Ya kwance fulogi yana gogewa da gefen riga, yana huci. Inno ta kalle shi, ta ga abin ba wasa ba ne. Ta ɗan sassauta murya.

"To ka kai ni wurin Barnan ɗin. Ni zan gaya masa da bakina cewa ni na wanke."

"Kowa yana da kaka, Inno. Kowa zai iya kawo tsohuwa ta yi rantsuwa. Mutumin nan ba ya sauraron baki, taya yake kallo. Don haka nake ganin girmansa."

"To ga ƙasa nan bayan ɗaki. In kwaɓa maka, mu yaɓa masa. Kafin azahar ya koma kamanninka."

"Ƙasar Pantami yashi ce. Lakar gonar auduga baƙa ce, mai danƙo, ko makaho ya taɓa ya san ta. Kuma ni ban taɓa shafa wa babur laka da hannu ba. Masu yin haka na san su, ba zan shiga layinsu ba."

"Ji shi. Talaka da girman kai."

Ya mayar da fulogi, ya taka, babur ya tashi. Da ya ɗago kai ne ya lura da abin da ɓacin rai ya hana shi gani. Inno sanye take da sabuwar atamfa, ta sha tozali, ga ƙwarya a gefenta an ɗaure da ƙyalle.

"Tsaya. Ina za ki da wannan kwalliyar?"

Inno ta kau da kai tana gyara ɗankwali. "Suwaibatu 'yar ƙanwata ce ta haihu. Yau suna a Garin Joda."

"Wato ba tausayina kika ji ba. Kujerar zamanki kika wanke."

"To in hau wannan juji da sabuwar atamfa? Matan Garin Joda su ce jikana a kan jaki ya kawo ni?"

"Wa ya ce miki zan kai ki?"

"Wa ya goya ka da uwarka ta yaye ka?"

Sallau yana da manoma a Garin Joda da tsutsa ta fara taɓa musu auduga, dama ya yi niyyar zuwa cikin mako. Hanya biyu ce. Akwai ta kwalta wadda ke zagayawa ta Kwadon, akwai kuma ta fadama, wadda bayan ruwan jiya ko shanu sai sun yi shawara kafin su bi. Ya shiga ɗaki ya fito da famfon feshi da galan ɗin maganin ƙwari.

"Zan kai ki. Amma aiki zan je, ba suna ba. Kuma ta fadama."

"Ta fadama? Da atamfar tawa? Allah ya kiyaye. Ta kwalta za mu bi kamar mutane."

"Ta kwalta babur zai dawo yadda kika bar shi, gobe Ja'afaru ya hau. Daga nan sai ki riƙa zuwa suna a bayan keke."

"Kai ba jika ba ne, jarrabawa ne."

"Na ji. Galan zai zauna a gabana. Famfon kuma babu wurinsa sai bayanki."

"Ni zan goya wannan ƙarfen? In shiga gidan suna da shi?"

"Kin ce kin iya goyo."

Inno ta dube shi, ta dubi babur ɗin da ta ɓata safiyarta a kansa, ta dubi atamfarta. Ta tashi da ƙyar ta shige ɗaki, tana faɗin maganganun da ba a maimaitawa. Sallau ya ɗauko giris ya shafe sarƙa, yana jiran ta ce ta fasa.

Sai ga ta ta fito da tsohon zanen da take daka da shi. Atamfar tana cikin ƙwarya, an rufe da faifai an ɗaure tam. Ta juya masa baya.

"Ɗora mini ɗan naka. Shi dai ba zai yi mini fitsari ba, ba kamar wani ba."

Ya saƙala mata igiyoyin famfon a kafaɗa. Ta kama rigarsa ta hau, tana nishi. Sannan ta kwance bakin zane ta ciro goro, ta fasa, ta miƙo masa babban ɓarin ta saman kafaɗarsa. Dariya ta ƙwace mata.

"Ungo, ragon miji. Kuma ka ji ni da kyau. Tunda ka sa na tuɓe atamfata, in ka kauce wa taɓo ko guda a hanyar nan, ni da kaina zan kai ƙararka wurin Barnan."