Jarkar Gwaggo Tasalla a Shingen Iyaka

Ku da ba ku taɓa zama a garin bakin iyaka ba, bari in ba ku labarin abin da ya faru a garinmu bara. Famfon burtsatse ɗaya ne da mu, ya lalace tun farkon rani. Kansilanmu ya zo ya duba shi, ya dafa shi aka ɗauke su hoto tare, ya ce mu kwantar da hankali, magana ta kai sama. Har yau ba ta sauko ba. Sai matan gari suka koma ɗebo ruwa a Tsallake, wato unguwar da ke bayan kwari, wadda a wurinmu maƙwabta ce amma a wurin gwamnati wata ƙasa ce. Ana cikin haka aka rufe iyaka, aka turo wani sabon jami'i, matashi, mai sabon kaki da sabon takalmi, aka ce masa kada ya bar kowane irin kaya ya shigo.

Ranar da ya kama aiki ta zo daidai da haihuwar surukar Gwaggo Tasalla, tsohuwar da ke sayar da daddawa a bakin kasuwa. Mai jego na buƙatar ruwan wanka, gida kuwa ko na jiƙa gero babu. Gwaggo ta ɗauki jarka ta tsallaka, ta ciko ta, ta ɗoro a ka, tana tafe tana hutawa har ta iso shinge.

Jami'in ya ɗaga hannu. "Iya, tsaya. Mene ne a cikin jarkar nan?"

"Ruwa ne, ɗan nan."

"Daga ina?"

"Daga famfo."

"Famfon wace ƙasa?"

Gwaggo ta waiga ta nuna masa da haɓa. Famfon na nan a fili, har ana jin ƙarar hannunsa.

"To ai shi ke nan," in ji shi. "Kayan ƙasar waje ne. Shigo da shi fasa-ƙwauri ne. Sauke."

Ta yi masa bayanin mai jego, ta yi masa bayanin famfonmu da hoton kansila. Ya ce duk ya ji, kuma wallahi ya tausaya, amma shi umarni aka ba shi, umarnin kuwa bai ware ruwa ba. Ya karɓi jarkar ya ajiye ta kusa da buhunan shinkafar da aka kama, ya ce sai Oga ya dawo daga taro.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta aika a ce wa mai jego ta ƙara haƙuri, ruwanta na hannun hukuma. Sannan ta kwance gammonta, ta shimfiɗa a gindin dalbejiya, ta zauna tana kallon jarkarta.

Rana ta take. Aka kira azahar. Jami'in ya ɗauki buta ya nufi randar ofis, ya leƙa, ya tarar ko laima babu, don su ma da famfonmu suka dogara. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ɗan yi tari. Can ya matsa a hankali ya buɗe jarkar Gwaggo, ya tsiyaya cikin buta. Ya yi alwala tsaf, har da tsefe gemu. Ya shimfiɗa darduma ya yi sallarsa a natse, Gwaggo na zaune tana kallo.

Da ya sallame ya shafa addu'a, sai ta ce, "Allah ya karɓa, ɗan nan."

"Amin, Iya, amin," in ji shi, yana naɗe darduma.

"Ni dai addu'a na yi maka," in ji Gwaggo. "Don ban sani ba ko a can sama ana barin sallar da aka yi da alwalar fasa-ƙwauri ta wuce, ko ita ma sai an tsare ta a shinge har Oga ya dawo."