Kafasiton da Ya Fashe Ranar Saukar Safiya

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Zinariyar Wuta, masu ƙera kafasito, a duk ƙasar da kuke.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ma'aikata suna lafiya, musamman mai buga lamba a jikin kaya, Allah ya ƙara masa ƙarfin hali.

Ranka ya daɗe, shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin murya, a Ƙofar Guga. Ƙa'idarmu sananniya ce: idan wutar wurin bolt talatin da biyar ce, sai a sa kafasito, ɗan gwangwanin nan da ke riƙe wuta, mai bolt hamsin, ya samu sararin numfashi. Haka na yi wa amfilifayar Islamiyyarmu da kafasitonku mai lamba hamsin ana jibi walimar sauka, wadda 'yata Safiya za ta buɗe da karatu. Ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya, kayanku ya jure jawabin shugaban makaranta, minti arba'in cur. Sai da yarinyar ta yi gyaran murya sannan ya ce fau! Wa ya koya masa zaɓen lokaci haka?

Na biyu, hayaƙin. Wane irin kifi kuke dafawa a ciki? Iyaye mata sun watse, har yau akwai takalma uku marasa 'yan uwa a ofishin makaranta.

Na uku, da na fasa gwangwanin don in ga abin da ya ci mini mutunci, sai ga wani ɗan mitsitsin kafasito mai bolt goma sha shida zaune a ciki, an zuba masa babbar riga. Wallahi na jinjina muku, har tausayinsa na ji. An ɗora masa ninkin ƙarfinsa da ɗoriya, in bai kumbura ya fashe ba me zai yi?

Na huɗu shi ne mai zafin. Safiya ta daure ta yi karatunta ba lasifika, amma kakarta Hajiya Delu, wato surukata, da ta taso takanas daga Gobarau, ko harafi ɗaya ba ta ji ba. Shekaranjiya ta wuce ƙofar shagona rungume da rediyonta, ta kai wa maƙwabcina ya gyara mata. Abin ya yi mini ciwo.

Ba diyya nake nema ba, ranka ya daɗe. Ku dai turo wakili ya durƙusa gaban Hajiya ya wanke ni. Ya taho da murya mai ƙarfi, don ba ta ji sosai, kuma ta rantse ba za ta ƙara zama kusa da abin da na gyara ba.

Naka mai biyayya har gobe,
Babaji Mai Rediyo,
Ƙofar Guga, Katsina.