Gashin Jikin Shaho

A dajin Kwarin Marke kowane tsuntsu da wakilinsa a majalisa. Kaji kuwa, ba wanda ya tambaye su, a mazaɓar Shaho aka zuba su.

Akwai wata kaza, Kande, da ta yi ƙyanƙyasa a ɓoye ƙarƙashin wata sarƙaƙiya. 'Ya'yanta na bara duk sama suka tafi, ta kuma san a faratan wa. Shi ya sa bana ko maƙwabciyarta ba ta gaya wa ba.

Da zaɓe ya matso, Gauraka shugaban majalisa ya tara kowa ya ce, "Ƙato bayan ƙato za a yi. Wanda bai shiga layi ba, ba ɗan mazaɓar kowa ba ne. In Muzuru ya same shi, majalisa ba ta san da shi ba."

Shaho ya miƙe ya gyara fuka-fuki. "Jama'ata, ɗan mazaɓa ai sashen jikin wakilinsa ne. Ku ne gashina. Wa ya taɓa ganin tsuntsu ya fige kansa?"

Aka yi ta tafi. Kande dai tunanin 'yan tsakinta take yi. Ta ɓoye su, ga Muzuru. Ta fito da su, ga idon Shaho.

Mijinta Zakara ya ce, "Ke dai kawo su. Yawanmu yake nema, ba zai taɓa su ba."

"Yau ba zai taɓa ba, Malam. Gobe fa?"

Ranar zaɓe ta yi bismillah, ta tuso su gaba. Suka tsaya bayan Shaho. Ya juyo yana bin layi da kansa, har ya zo kan ɗan autanta mai ɗingishi.

"Masha Allah. Ina kika ajiye mana su, Kande?"

"Can... wajen sarƙaƙiya, ranka ya daɗe." Bakinta ya riga ta.

Shaho ya ci zaɓe, da 'yan tsakin Kande aka cike ratar. Yana tashi sama wani tsohon gashi ya faɗo gabanta. Ta tsaya tana kallonsa. Ashe duk shekara yana zubar da gashi, wani ya tsiro, bai taɓa jin zafi ba.

Ya yi shawagi ya dawo daidai kanta, inuwarsa ta rufe yaran.

"Kande, ki daure ki sake kwanci kafin zaɓe mai zuwa. Kada mazaɓa ta ragu."

Ta buɗe fuka-fukanta ta tattara su. Ɗan autan bai iso da wuri ba.