Hular Obadiya Mai Kusurwa Uku

Wani mutum ne a wani garin bakin teku a Amurka, zamanin da sarkin Ingila ke mulkin ƙasar. Sunansa Obadiya. Cika baki kam, ko kyauta aka ba ka sai ka ce ya isa.

Lokacin nan Ingila ta ɗora wa ganyen shayi haraji, mutanen gari suka fusata. Suka hau jirgin ruwan da ya kawo ganyen suka tuttular da akwatunan shayi cikin teku. Suka kuma yi doka: duk wanda aka kama da ganyen, kwalta za a shafa masa, a bi shi da gashin kaji.

Obadiya ya shiga gari yana bugun ƙirji. "Ni na fara jefa akwati! Da hannu ɗaya! Sojan sarki na ganina ya faɗa ruwa tsulum!"

Alhali bawan Allah, ana jifa shi yana cusa ganye a aljihu. Mayen shayi ne na ƙin ƙarawa.

Ranar da za a zaɓi shugaban dakarun gari, sai ya hango samari na bincike gida-gida. Ya juye ganyen kaf cikin hularsa mai kusurwa uku, ya danna a ka, ya nufi zauren taro.

A bakin ƙofa wani dattijo ya ce, "Obadiya, a nan ana cire hula."

"Na rantse ba zan cire ta ba sai sojan Ingila na ƙarshe ya bar ƙasar nan!"

Tafi raf-raf-raf! Don girmamawa aka zaunar da shi dab da murhun jin ɗumi, aka ƙara itace. Ya miƙe jawabi, yana zagin sarki, yana naushin iska. Gumi ya karyo masa sharkaf. Can sai wani jan ruwa ya gangaro ta goshi. Ɗis! Ɗis!

"Lafiya? Mene ne wannan?" in ji dattijon.

"Jini ne! Raunin da suka ji mini a jirgi ne ya tashi. Ku bar shi ya zuba saboda 'yanci!"

Mata har da ƙwalla. An fara ɗaga hannu za a zaɓe shi ke nan, sai wata tsohuwa Tabita, wadda rabonta da shayi tun ranar dokar, ta fara buɗa hanci. Ta matso da sandarta, ta dangwali goshinsa, ta kai baki.



Ta sake dangwala. Ta lumshe ido.

"Ɗana, jinin nan naka ya dahu. Madara da sukari kawai ya rage."

Ta sa sanda ta bugi hular, fat! Jiƙaƙƙen ganye ya zubo masa har gemu.

Samari suka ruga ɗauko kwalta. Tabita ta ware murya ta ce, "Ku dakata, 'ya'yan nan! Ku miƙo mini kofi tukuna, in matse shi."