Motar Darakta Mai Gwal a Gefen Dama

Daga tashar Gummi har gangaren fadama, ba a taɓa yin mutum mai hangen nesa kamar Muttaka ba. Shi da kansa ya shaida mana haka, kuma ya maimaita har muka haddace. Ya taɓa yin wata shida a wani ofis a Gusau yana ɗaukar takarda daga wannan tebur zuwa wancan, shi ya sa ake ce masa Darakta. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka karɓa don bai rage mu da komai ba. Yana da baƙar jaka mai kwaɗo, da biro uku a aljihun gaba, da waya biyu, ɗaya har tana kunnuwa. Aiki ne kawai ba shi da shi. Shinkafar da ake dafawa a gidansa daga gonar surukinsa take fitowa, abin da Darakta ke kira haɗin gwiwa.

Yana kuma da mota, gadon kawunsa, wadda ta girmi matarsa Zaliha. Injinta lafiya lau. Wilinta ne suka sha laka damina bayan damina, tsatsa ta ci su har tana ɓantarewa in an taɓa.

Sai labari ya zo cewa wani Alhaji Ishaq, mai sayen gwal a hannun masu haƙa, zai sauka Gummi ranar Asabar. Yana neman wakili a yankin Bukkuyum, mutumin da zai riƙa kai shi ƙauyuka yana haɗa shi da mutane. Kowa ya san wanda ya ɗauke shi a mota ran nan shi ne wakilin. Darakta ya ce wannan kujera da sunansa aka sassaƙa ta. Abin da ya rage kawai shi ne motar ta yi kama da mai ita.

Ran Litinin ya tsaya a rumfata, inda na shekara talatin ina faci da gyaran wili. Bai fito ba, gilashi ya sauke. Na gaya masa aikin ba tsada gare shi ba, wahala gare shi. A cire tayoyin, a kankare tsatsar da buroshin waya, a bi da samfefa har farin ƙarfe ya fito, musamman bakin wilin inda taya ke zama, don ta nan iska ke gudu. A wanke, a shanya, a shafa jan fentin da ke hana tsatsa dawowa, a bar shi ya bushe, sannan a yi fentin ado. Kwana uku. Na ce in yana son araha ma ya zauna ya kankare da hannunsa, ga kayan aiki in ara masa.

Ya dube ni kamar na ce ya shiga kasuwa ba wando.

"Magaji," in ji shi, "matsalarku ke nan, ku masu aikin hannu. Kuna kallon ƙarfe, mu muna kallon manufa. Babban mutum ba ya leƙa cikin taya. Abin da ido ya fara gani shi ke sa hannu a yarjejeniya. Wannan ilmi ne, a Gusau ake koyonsa."

Ya ja gilashinsa ya tafi, bayan na ƙara masa iska a tayoyi uku.

Washegari ya sayo fentin feshi na gwangwani, ruwan gwal, guda ɗaya tak. Ya tsuguna a ƙofar gida da babbar riga, ya fesa a kan tsatsa, a kan busasshiyar laka, a kan noti, har da rabin taya. Yana gama wili na biyu gwangwanin ya yi tari ya mutu. Da wani ƙaramin mutum ne, da sai ya damu. Darakta kuwa ya miƙe ya yi bayani ga maƙwabta cewa dama haka ya tsara: manyan mutane ta ƙofar baya ta dama suke shiga mota, don haka gefen dama shi ne fuskar kamfani. Zaliha ta leƙo ta tambaye shi ko gefen hagu na wani ne. Ya ce mata harkar ofis ce.

Kwana huɗu garin nan ya ga ikon Allah. Darakta ya daina juyawa. In zai je kasuwa sai ya zagayo ta yadda gefen dama zai fuskanci rumfuna. In zai koma gida, tafiyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba, sai ya kewaye rabin gari. A masallacin Juma'a ya manna hagun motar da bango har shi kansa ya kasa fita, sai ta kujerar fasinja ya rarrafo, hula a hannu. 'Yan tasha suka sa masa Alhaji Rabi-da-Rabi. Da ya ji, ya ce ai dama ɗaukaka da hassada take zuwa, ya kuma gode da Alhajin da suka ƙara masa a suna.

Kullum da safe yana rumfata neman iska. Na sake gaya masa bakin wilin ne ke zubar da ita. Ya ce a'a, bincikensa ya nuna iskar Gummi ce ba ta da inganci.

Ran Asabar tun hantsi ya kafa motar a bakin tasha, gwal yana ƙyalli, ƙofar baya ta dama a buɗe, an shimfiɗa sabon tawul a kujera. Alhaji Ishaq ya sauko daga motar haya. Gajeren mutum ne da koɗaɗɗen yadi da silifas, yana tsotson ruwan leda. Sai da aka nuna wa Darakta shi sau biyu kafin ya yarda. Nan take ya rusuna ya buɗe jawabi: ranka shi daɗe, ga tsari, ga dabarun zamani, ga sanayya da manya tun daga Gummi har Anka, ga kuma mota da aka tanada musamman don martabar baƙo.

Alhaji ya dubi wilin ya tambayi wa ya yi fentin.

"Ni na tsara, ni na aiwatar, ranka shi daɗe. Ban bari hannun kowa ya taɓa ba."

Abin da binciken Darakta bai gano ba shi ne, kafin Alhaji ya san gwal, shekara goma sha ya yi yana tuƙa babbar mota. Kuma duk wanda ya san hanyoyin nan a shekarun nan ba ya shiga motar da bai zagaya ba, don tsayuwa a daji yanzu ba ɓata lokaci kawai ba ce. Alhaji ya nufi bayan motar. Darakta ya riga shi, ya baza babbar riga kamar mai tare awaki, yana cewa rana ta fi zafi ta can. Alhaji ya ratse shi ya wuce.

Ya daɗe yana kallon gefen hagu. Ya tsuguna, ya tsiyaya ruwan ledarsa a bakin wilin baya. Kumfa ta taso, tana ta tsiii, har mu da ke rumfa muna ji. Ya dawo dama, ya zaro makulli ya karci gwal ɗin yadda yake yi wa kayan da ake kawo masa. Fentin ya ɓallo da faɗin tafin hannu, da tsatsarsa manne a baya.

"Malam Darakta," ya ce a hankali, "in tayar nan ta sace mana a hanyar Zugu, waɗanda za su fito daga daji ba gefen dama kaɗai za su ɗauka ba."

Ya waiwaya ya hango Makau, ɗan kabu-kabu, a gindin bishiyar bedi yana ɗaure sarkar babur ɗinsa. Babur ɗin ba fenti, ba madubi ɗaya, amma tayoyinsa tsaf. Alhaji ya matsa su da yatsa, ya tambaye shi ko ya san ƙauyukan Bukkuyum. Makau ya ce can aka haife shi. Magana ta ƙare a nan.

Darakta ya biyo su da gudu, jaka na dukan cinyarsa, yana tambayar wane matsayi aka ware masa a sabon tsarin. Alhaji ya riga ya ɗora ƙafa a babur. Ya dube shi, ya dubi ledar ruwan da ta ƙare a hannunsa, ya miƙa masa.

"Taimaka ka yar mini da wannan."

Darakta ya karɓa da hannu biyu.

Har yau in an zauna a teburin mai shayi yana ba da labarin lokacin da suka yi aiki tare da Alhaji Ishaq. Masu cewa ƙarya yake ba su yi masa adalci ba. Ina wurin, kuma har kwandon shara ya kai ta.