Yadda Na Ci Na Ɗaya a Aji Huɗu Ina da Shekara Arba'in da Shida

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Bukukuwa, Ayyukan Hannu da Wasanni na makarantar firamaren unguwarmu, mai rabon kofuna, wanda ba a fara tafi sai ya ɗaga gira.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai zama a kujerar tsakiya, ina fatan muryarka ta dawo daga jawabin da ka yi mana a bikin ƙarshen zango, kuma ina fatan iyali suna lafiya.

Ni ne kafintan nan na kwanar makaranta, wanda ya gyara ƙafar teburin ofishinka har sau biyu. Ni ne kuma mahaifin wata yarinya 'yar aji huɗu da muke kira Ƙusa a gida, saboda siririya ce, kuma in ta kafe a kan magana ba mai cire ta. Na rubuto ne in taya kaina murna, tunda kwamitinka ya manta. Ni ne na ci na ɗaya a gasar aikin hannu ta aji huɗu. Sunan da aka kira ba nawa ba ne, amma aikin nawa ne tun daga tushe har rufi. Ka yi haƙuri in jero maka abin da ke raina, ɗaya bayan ɗaya, yadda kuke so a ofis.

Na ɗaya, maganar takardar da kuka aiko. Ta ce kowane yaro ya ƙera da hannunsa wani abu da yake so ya gani a garinsu nan gaba, iyaye kuma su ƙarfafa gwiwa. Tun ranar da aka raba takardar nan, mai walda maƙwabcina bai sake zama ya sha shayi a tsanake ba. Mai gyaran rediyo ya daina karɓar rediyo. Wata uwa ta tsare mai fenti a bakin hanya tana roƙonsa kamar mai neman jini a asibiti. Ranka ya daɗe, da kuka ce "da hannunsa", hannun wa kuke nufi? Na tambaya ne don kada mu riƙa wahalar da yara a banza.

Na biyu, laifina, don kada a ce na zo wanke kaina. Yayan matata, mai kemis, yana da ɗa a ajinsu Ƙusa. Ya zo shagona da yamma, ya zauna a benci, ya yabi aikina na kusan rabin sa'a, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha uku da na yi ina auren ƙanwarsa. Sannan ya ce yaron na bukatar ɗan taimako. Ta yaya mutum zai ce a'a ga wanda ya ba shi mata? Ɗan taimakon nan ya zama bene mai hawa goma, da tagogi arba'in, da lifta mai hawa da sauka in an murɗa wani ɗan hannu a gefe. Kwana tara na yi a kansa. Na goge shi da samfefa har yana zame wa ƙuda, na shafa masa fenti mai sheƙi. Yaron ya zo shagon sau ɗaya. Ya tambaye ni ko akwai wasa a wayata, ya manna yatsansa da gam, ya tafi.

Ita kuwa Ƙusa, na ce mata ta bari in gama da na ɗan kawunta in yi mata wanda ya fi shi. Ta dube ni ta ce, "Baba, takardar cewa ta yi da hannunka, ba ta ce da hannun babanka ba." Sai ta tattara kwalayen sabulu, da tsinken tsintsiya, da zaren buhu, ta zauna a lungun shago. Gada ta yi, ta masu tafiya a ƙasa, saboda kakarta, wato mahaifiyata, takan yi minti goma a bakin titi kafin ta samu ta tsallaka. Ba ta sa mata matakala ba. Gangare ta yi a kowane gefe, don gwiwar tsohuwa ba ta son hawa. Tana nata ina nawa. In na ce miƙo ƙusa, ta miƙo. In na tashi, ta share garin katakon benen ɗan kawunta kamar yadda ta saba sharar shago kullum. Ni kuma na ɗauka ta yarda ne.

Na uku, alƙalan da ka zaɓo. Mutum uku ne, kowa da fayil a hammata da biro a aljihu, kuma ina jinjina wa zurfin iliminsu. Sun ga jirgin sama na ƙarfe da aka yi wa walda a kowace gaɓa, an ce yarinya 'yar shekara tara ta yi, suka gyaɗa kai. Sun ga madatsar ruwa mai famfo da batir, suka gyaɗa kai. Da suka iso benena, sai babbansu ya sunkuya ya tambayi yaron yadda liftar ke aiki. Yaron ya sosa ƙeya ya ce, "Mijin Gwaggo ne ya sani." Ina tsaye a baya, na ce yau asiri ya tonu. Sai alƙalan suka yi dariya, ɗayarsu ta ce yaron akwai ladabi, yana girmama manya, suka ƙara masa maki. Ranka ya daɗe, wace irin shaida kwamitinka ke jira? Sai yaro ya zo da kafintan a cikin jakar makaranta?

Gadar Ƙusa tana can ƙarshen tebur, kusa da ƙofa. Yarinyar ta kwana uku tana maimaita bayanin da za ta yi. Alƙalai biyu suka wuce ba su tsaya ba. Na ukun ya tsaya, ya tambaye ta ko akurkin kaji ne, ya wuce kafin ta buɗe baki.

Na huɗu, ranar biki. An jera yara a fili tun ƙarfe takwas, rukunin wasanni huɗu, ja da shuɗi da kore da rawaya, ana jiran babban baƙo. Ya iso sha biyu saura kwata. Kafin nan yara biyu sun faɗi, an kai su inuwa, an maye gurbinsu da wasu don kada layi ya yi giɓi. Yarinyar da ta haddace waƙar maraba tun farkon zango, rana ta narkar mata da baiti na biyu, ta maimaita na farko sau uku. Daga nan babban baƙo ya miƙe ya yi wa yara nasiha a kan muhimmancin zuwa a kan lokaci. Na ga ka yi tafi, ranka ya daɗe, ni ma na yi, don kada a ce ba ni da tarbiyya.

Ana cikin haka lasifika ta fara gurnani, mai kula da ita ya ce ta yi ƙasa da yawa, sai an ɗaga ta. Wani malami ya ruga ɗakin da aka baje ayyukan yara, ya ɗauko abin da ya fi kusa da ƙofa, ya ɗora lasifikar a kai. Gadar Ƙusa ce. Lasifikar nan ta kai nauyin yaro ɗan shekara uku. Na rufe ido ina jiran in ji ta murƙushe. Ba ta murƙushe ba. Ta ɗauki jawabin babban baƙo, ta ɗauki naka, ta ɗauki na hedimasta, sa'a uku cur, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Na lallaɓa na durƙusa kamar mai ɗaure takalmi, na leƙa ƙarƙashinta. Yarinyar nan ta sa tokari a karkace, ɗaya na tare ɗaya, ta ɗaure kowace mahaɗa da zare. Ban taɓa koya mata haka ba. Ni kaina sai da na shekara biyu a wurin maigidana kafin na gane dalilinsa.

Benena kuwa, aka kawo shi gaban babban baƙo, ya murɗa hannun liftar da ƙarfin da ake buɗe ƙofar mota, hannun ya fita ya bar shi riƙe da shi. Aka yi tafi, mai hoto ya ɗauka.

Na biyar, wasanni, kuma a nan zan taƙaita don akwai inda ya shafi mutuncina. A tseren ƙwai a cokali, yaron da ya zo na ɗaya ya ɗaga cokalinsa sama don murna, ya juya shi, ƙwan bai faɗo ba. Shekarata talatin ina aiki da gam, in na gan shi na san shi. Ƙwan Ƙusa ya fashe a taku na huɗu, domin uwarta ɗanye ta ba ta kamar yadda takardarku ta ce. Da aka kira tseren iyaye maza, sai na cire takalmi na shiga, ina tunanin ko yarinyar za ta ga ubanta ya ci wani abu da ƙafarsa. Mu biyar ne. Na zo na huɗu, shi ma don na biyar ya tsaya amsa waya. Ina roƙon kwamiti, in za a sake, a gaya mana tsawon filin tun da wuri, kuma a daina sa mai ganga yana bin na baya.

Na shida, shi ne ya sa na ɗauki biro. Da taro ya watse, muka je ɗaukar gada. Ba ta nan. Mai shara ya haɗa ta da ledojin ruwa da bawon lemo, ya kai bayan aji ya cinna wuta. Ban ga laifinsa ba, an ce masa ya bar duk abin da ke sheƙi ya kwashe saura. Muka tsaya ni da ita muna kallo har ta cinye. A hanyar gida ɗan kawunta ya ba ta kofin da ya ci ta riƙe masa don ya sha lemo, ta riƙe masa har ƙofar gidansu.

Yau kwana goma sha tara Ƙusa ba ta taka shagona ba. Da safe takan ce, "Ina kwana, Baba," kamar mai gaida baƙon maƙwabta, ta wuce. Garin katako ya taru a lungu, na kasa sharewa. Na je na sami yayan matata na ce masa zan rubuto maka. Ya ce zan zubar da mutuncin dangi saboda kwalin sabulu. Matata tana tsakiya, ta yini ba ta kula ni ba, daga baya ta ce in rubuta amma kada in ambaci sunan Yaya. Ka shaida ban ambata ba. Kasancewar kemis ɗaya ne a unguwar, wannan ba ni na tsara ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ga abin da nake roƙo. In kwamiti na ganin an yi daidai, a ba ni kofina, a ba mai walda na biyu, mai gyaran rediyo na uku, a yi mana ƙarin aji zuwa biyar, a tanadar mana benci mai ɗaukar manya. In kuwa ana ganin da gyara, to kada a ƙwace kofin a hannun yaron. Duk cikin zauren nan, da alƙalai da iyaye da ni, shi kaɗai ya faɗi gaskiya. A goge "aikin hannu" a jikin kofin, a rubuta abin da ya ci da gaske. Zango mai zuwa kuma, a ba yara kwali da gam da almakashi a cikin aji, a rufe ƙofar makaranta, iyaye su tsaya a waje. Sakatar ni zan kafa ta, kuma ni zan fara fita.

Ƙusa kuwa, kada a kira ta gaban taro a ba ta kyautar lallashi. Za ta gane, kuma ni zan sha kallon. Abin da nake so kawai, malami ɗaya ya zaunar da ita ya tambaye ta yadda ta yi gadar, ya kuma tsaya har ta gama ba shi amsa.

Allah ya ƙara wa kujerarka laushi, ya kare muryarka daga dushewa, ya sa baƙinka su riƙa isowa kafin yara su fara faɗuwa.

Naka mai biyayya, durƙushe har gwiwa ta yi ƙara,

Kafintan kwanar makaranta,
Baban Ƙusa.

Ƙarin bayani: Rubutuna ba ya karantuwa, don haka na roƙi yarinyar ta kwafe mini wasiƙar nan da hannunta. Ta zo shago, ta zauna a benci, ta gyara mini kuskure goma sha ɗaya. Ta ce in cire wurin da na rubuta cewa ta yi kuka a bayan aji, don ba kuka ta yi ba, hayaƙi ne ya shiga idonta. Na cire. Hayaƙin da yawa ranar, ranka ya daɗe, ni ma ya shiga nawa.