Motar Sha Biyun Rana

"Ni fa ba na canki-canka, lissafi nake yi! Gwaggo, ki ba ni mako guda, motocin kayan nan sai sun riƙa zuwa kamar da igiya nake jawo su. In na kasa, ki ƙwace kujerar."

Mai wannan cika baki ɗan wan Gwaggo ne, wanda 'yan dako suka laƙaba wa Farfesa. Kujerar kuwa ta manajan shagon sarinta ce, wata uku yana naci kafin ta ba shi. Da ka ga yadda yake juyi a kanta, sai ka rantse shi ya ƙera mota.

Gogan naka ya buɗe kwamfuta. Motar ƙanƙara tana zuwa shida na safe, ta sukari shida na yamma. Ya haɗa, ya raba biyu, ya buga tebur.

"Sha biyun rana! Matsakaicin lokacin zuwan mota ke nan. 'Yan dako su daina sammako, su zo sha biyu, su tashi biyu."

Shugaban 'yan dako ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, shekarata ashirin a nan, ban taɓa ganin mota da sha biyu ba."

"Baba, naka kan na ɗaukar buhu ne, nawa na tunani."

Washegari direban ƙanƙara ya tarar da ƙofa a garƙame, ya jibge kayansa a bakinta, ya ƙara gaba. Sha biyu Farfesa ya iso ɗaure da laktaye a wuya, ya tarar da tafki, har agwagin maƙwabta sun samu wurin wanka.

"Tangarɗa ce 'yar ƙarama," in ji shi. "Na'ura ba ta ƙarya."

Aka zauna jiran mota, ko kurar 'yan ga-ruwa ba ta gifta ba. Biyu na bugawa 'yan dako suka kaɗe riguna suka watse.

Shida na yamma sai ga motar sukari, direba na zabga ham. Dole Farfesa ya zage ya sungumi buhu da wannan kan na tunani. Taku uku, santsi ya kwashe shi, tim! Shi da buhu cikin ruwa. A haka Gwaggo ta same shi, ƙudaje sun yi masa rawani.

"Gwaggo, lissafin daidai yake, direbobin ne jahilai."

"Haka ne, ɗana," in ji ta, ta zare makullan daga aljihunsa. "Ga benci can a bakin titi. Zauna ka jira motar sha biyun. Ran da ta zo, ka dawo kujerarka."

Wata na biyar ke nan. Kullum Baba ya zo wucewa da buhu a ka, sai ya rusuna: "Farfesa, ta iso?"